Tunda Kana Tafe, Ga Saƙo

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Ya sanyin Ingila, ya karatu, ya uwargida da yara? A bakin Dogo na ji wai kana tafe da Babbar Sallah, kai kuwa ko uffan ba ka ce mini ba. To na ji, kuma tunda na ji, sai ka rage mini wuri a akwati, akwai wata 'yar na'urar jita da nake so ka taho mini da ita.

Albishirinka! Mun shiga situdiyo. Mawaƙin nan da muke rakawa biki ya ce faifansa na bana da jita ta gaske yake so, ba ta kwamfuta ba, kuma ni ya zaɓa. Da mai haɗa sautin ya mayar mini da abin da na kaɗa, sai na ji abin da hayaniyar biki take ɓoye mini. Tsirkiya mai kauri da nake duka da babban yatsa tana fitowa da ƙarfi, amma ƙananan sautukan da nake fizga da yatsun hagu, irin salon mutanen Agadas da muke so, sai su nutse a ƙarƙashin ganga. A situdiyo ya gyara wannan cikin minti kaɗan. A filin biki wa zai gyara mini? Shi ya sa nake son fedar kwamfiresa, ɗan akwatin nan da ake jonawa da jita a taka da ƙafa don ya daidaita ƙarfin sauti, kuma a nan ban samu wadda hankalina ya kwanta da ita ba.

Na san za ka ce wannan akwatin ai ba ya yin komai, an taka shi ba a ji wani sauyi ba. Aikinsa ke nan. Yana danne sautin da ya yi ƙarfi, kamar mai awo ya shafe tozon mudu, sannan ya ɗaga duka gaba ɗaya. Raunanan sautuka su taso, kuma idan ka riƙe tsirkiya sautin ya daɗe bai mutu ba. Matsalar ita ce ba ya bambance kiɗa da ƙugi. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitata mai naɗin waya ɗaya ne, ba biyu ba, da ma can tana jan ƙugin wuta, balle a ce janaretan mai biki ne da wayar da ba ta da ta ƙasa. Duk abin da ya ɗaga mini kiɗa zai ɗaga wannan ƙugin. Saboda haka wadda take matsa sauti da yawa ba tawa ba ce.

Na aro MXR Dyna Comp, jar nan mai maɓalli biyu, wurin yaron da ke kaɗa wa coci a Sabon Gari. Tun shekarun 1970 ake yin ta, kuma makaɗan Nashville a Amurka sun daɗe suna ji da ita. Sautinta yana da daɗi, wallahi, wani ɗas-ɗas yake yi. Amma tana cinye kaifin bugun farko, wanda ni da shi nake magana da mai kalangu. Da na murza maɓallin Sensitivity, mai ƙara matsi, ya wuce rabi, sai jitar ta daina jin bambancin taɓawa da duka. Boss CS-3 kuma, shuɗiyar da ta fito a 1986, tana da maɓalli huɗu har da na Attack, ga ƙarko, ko ƙurar hunturu ba ta damu da ita ba. Sai dai in ka ƙara Sustain, maɓallin da ke sa sauti ya daɗe, shuuu ɗinta yana fitowa fili da zarar ka ɗaga hannu.

Af, ka ji Dogo ya sayar da amfilifayar nan mai yagaggen gaba? Wadda kuka ɗauko a kan babur ruwa yana dukanku. Ya ce kuɗin lefe ne, an sa rana bayan Sallah da sati biyu, kuma ya rantse kai ne babban aboki ko ka so ko ka ƙi. Ka zo da babbar rigarka, kada ka zo mana da kwat ɗin nan ta hoton Facebook, Hajiya ta gani ta ce ka rame. Auta kuma ya koma makaranta, ya bar mana ganga a hannun ƙaninsa, yaron yana da hannu sosai, sai dai gudu.

To, wadda nake so. Ka nemo mini mai maɓallin da aka rubuta Blend. Shi yake gauraya ainihin sautin jita da wanda aka matsa, bugun yatsa ya fito da kaifinsa, matsattsen kuma ya tallafe shi daga ƙasa. Na farko a zuciyata Keeley Compressor Plus ce, don tana da ɗan makunni da ake zaɓar naɗi ɗaya ko naɗi biyu, ga maɓallin Tone na mayar da hasken da matsi yake ragewa. In ba ka same ta ba, Xotic SP, 'yar ƙarama, ita ma tana da Blend, kuma batir mai volt 9 yana shiga cikinta, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Dukansu biyun daga tsarin wata tsohuwar fedar kwamfiresa mai suna Ross aka samo su. Mai shago zai nuna maka Cali76, ta nan Ingila, wadda aka kwaikwayo daga na'urar situdiyo 1176. Tana da kyau ƙwarai, amma kuɗinta ya fi ƙarfina, kada ka bari ya ja ka.

Ta hannu ma ina so, in dai ka sa an jona ta a gabanka. Ka taka ta sau da yawa, ka murza kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar yashi. Ka haɗo da adafta ta volt 9 mai negatif a tsakiya, ta can ta dace da wutarmu da soket ɗinmu. Da gajeriyar waya guda, don a gaban fedar ƙara zan sa ta, daga jita sai ita.

Kuɗin zan ba Yaya ko in tura maka? Faɗa mini da wuri, don Dogo ya ce mu za mu kaɗa a wunin bikinsa. Hajiya ta ce in tambaye ka ko da yaran za ka zo, tana so ta san yawan ɗinkin da za ta bayar.

Ka gaida uwargida.

Naka har kullum.