Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Lamidon Ngaundare Kan Halin da 'Ya'yanmu Ɗalibai Suke Ciki a Dang

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Mu iyaye ne daga cikin Hausawan Ngaundare ta ƙasar Kamaru da 'ya'yanmu ke karatu a jami'ar da ke Dang. Mun kawo kukanmu gabanka ta hannun Sarkin Hausawa, domin abin da muke gani ya wuce a ci gaba da rufe shi da sunan kunya.

Tun 1993, lokacin da aka daina ba ɗalibai kuɗin tallafi, aka kuma sa musu sefa 50,000 na rajista duk shekara, ci da sha da kuɗin ɗaki suka dawo wuyan iyaye kacokan. Tsakanin Dang da gari akwai kusan kilomita 15, saboda haka yara da yawa haya suke kamawa a can, a gidajen da babu babba ko ɗaya da zai tambayi wanda ya shigo ko wadda ba ta kwana ba. Yarinya za ta wayi gari tukunyarta a kife, mai gida yana buga mata ƙofa, sai wani mai kuɗi ya tsaya da mota bayan isha'i, ya biya hayar wata uku, sannan ya ce shi ba ya amfani da kwaroron roba. Wadda aka biya wa haya kuwa ba ta da bakin musu. Samarin ma ba su tsira ba, domin tiramol da giya suna gusar musu da hankali, har su maida yawan 'yan mata abin alfahari.

Ɗaya daga cikinmu ta yi jinyar 'yar ƙanwarta, wadda ƙawayenta suka tsinta kwance cikin jini bayan ta sha haɗin zubar da ciki ita kaɗai a ɗaki. Tsoron bakinmu, mu iyaye, shi ya hana ta faɗa, kuma wannan laifin namu ne.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira masu gidajen haya, ya ɗora musu alhakin sanin masu shige da fice, a kuma raba ɓangaren mata da na maza. Babban roƙonmu shi ne ka umarci limamai su yi wannan magana a fili ranar Juma'a, su ƙarfafa wa matasa gwiwa su je gwajin ƙanjamau, domin tun 2007 kyauta ake ba da maganin rage kaifin cutar a Kamaru, amma yaranmu suna gudun asibiti kada a gan su. Idan fada ta buɗe asusun ciyar da ɗalibai marasa hali daga zakkar attajirai, mu ne za mu fara sakawa.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen ɗalibai daga Hausawan Ngaundare.