Koken Hausawan Soba Kan Kufan Tsoffin Majami'u

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Hausawa,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka mazauna Soba ta gabas, bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, muna gaisuwa cikin ladabi, muna neman afuwa kan wannan damu.

Ranka ya daɗe, daren Talatar nan wasu suka shigo da tifa har kan tudun majami'u, suka yi ta ɓamɓarar jan bulo daga harsashin ginin har asuba. Gari na wayewa muka tarar da ramuka, ga fasassun tukwane, ga ƙasusuwan mutane a watse, yara na ta wasa da su. Akwai kaburbura a wurin fa, ranka ya daɗe. Dattijon da ya yi magana sai aka ce masa ina ruwan Musulmi da kufan Kirista.

Da ruwanmu. Nan ne babban birnin daular Alwa, wadda ta karɓi Kiristanci a 580, ta kuma kai har wajen 1504. A ƙarni na 10 wani marubuci ɗan Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya ba da labarin majami'un garin masu adon zinariya, da lambunansa, da unguwa guda ta Musulmi a cikinsa. Kenan zaman tare a nan ba yau aka fara ba. A wannan tudu masu binciken tarihi suka tono dutsen kabarin Sarki Dawuda, ɗaya daga sarakunan Alwa, a shekarun 1980. Zamanin mulkin Turkawa a Sudan an kwashi bulon Soba an gina Khartum da shi, ɗan abin da ya rage ne ake ƙarasawa yanzu.

Mun kai kuka, mun rubuta, mun aika wakilai, kullum sai a ce a jira ƙura ta lafa. Mu muna jira, masu tifa ba sa jira.

Muna roƙon Sarki ya kai maganar gaban hukumar adana kayan tarihi, a kewaye wurin ko da waya ce, a sa mai gadi da dare. A sake binne ƙasusuwan nan da mutunci. A ja kunnen masu sayen bulon, don ba ɓoyayyu ba ne. Mai gadin nan dai, ranka ya daɗe, in albashinsa ne matsala, za mu yi karo-karo.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa da matasan Hausawan Soba