Wasiƙa zuwa ga 'yata a Riyad kan wakilin suna a Turanci

Ya ke 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu a nan Makka muna lafiya, sai zafi da ya fara tsananta. Rahoton marar lafiya da kika turo mini ta WhatsApp, wanda kika cire sunaye daga cikinsa don in duba miki kafin ki miƙa wa malamarku, na karanta shi sau biyu bayan sallar isha'i, kuma tsarinsa ya gamsar da ni. Abu guda ne ya tsaya mini a rai, wato yadda kike amfani da wakilin suna, wanda malaman nahawu suke kira lamiri.

A sakin layi na uku kin ce wata uwa ta kawo 'yarta, nan take kuma kika rubuta "she has a fever". Wace ce mai zazzaɓin, uwar ko 'yar? Ke kin sani, domin da hannunki kika taɓa goshin yarinyar, amma wadda za ta karɓe ki a aikin dare ba ta da abin dogaro sai takardarki, kuma ita takarda ba a tambayarta ta amsa. Duk inda mata biyu ko maza biyu suka haɗu a magana ɗaya, ki ajiye lamiri ki ce uwar ko ki ce yarinyar, ko da maimaicin zai yi wa kunnenki nauyi.

Wannan abu ya taɓa ci na, shi ya sa nake nanata miki. Lokacin da nake tafinta a wani kamfanin hidimar alhazai a Jidda, wani dattijo ya kwanta ciwo bayan saukowa daga Arfa, ɗansa ne yake jinyarsa, aka ce in rubuta takardar neman a ɗage tafiyarsa. Na ambaci su biyun, sannan na rubuta "he cannot travel". Wanda ya karanta ya cire sunan ɗan, ya bar na uban a jerin masu tashi. Kwana biyu muna zarya tsakanin ofis da filin jirgi, yaron yana riƙe da fasfo biyu, idanunsa sun yi ja, bai ce mini komai ba, kuma har yau in na tuna shirun nan nasa sai in ji kunya ta lulluɓe ni.

Sauran kurakuran da na gani ba rashin ƙoƙari ya kawo su ba. Harsuna biyun da kika tashi da su, Hausa da Larabci, su ne suke leƙowa ta ƙarƙashin alƙalaminki. A Hausa ba ma cewa "likita zo", dole sai mun ce likita ta zo, ko ya zo, domin a jikin wannan ƙaramar kalma muke gane mai aikin da lokacin aikin. Shi ya sa sau biyu kika rubuta "the doctor she came". Bature in ya ambaci suna ya wadatar, ba ya ƙara masa wakili. Haka nan "the medicine which I gave it" da kika rubuta, a nan Hausa da Larabci ne suka haɗa kai suka ja ki, domin mu muna iya cewa maganin da na ba da shi, Balarabe kuma yana da lamirin da yake komawa ga "allazi", wato "wanda" a Larabci. A Turanci "which" ta riga ta tsaya a madadin maganin, saboda haka "it" ba ta da wurin zama.

Ita kanta "it" baƙuwa ce a wurinmu. Mu komai shi ne ko ita ce, gado shi, allura ita, shi ya sa hannunki ya zame kika kira allura "she". Sannan akwai "an" da "aka" da muke ji da su, masu ɓoye wanda ya yi aiki. "An ba shi magani" magana ce cikakkiya a gida, amma kin mayar da ita "they gave him", kuma a asibiti za a tambaye ki su wa. Ki faɗi wanda ya bayar.

Na san "you" tana yi miki nauyi idan za ki rubuta wa babba, tunda mun tarbiyyantar da ke a kan "ku". Muna da kai da ke da ku, Larabci ya ƙara har da "antuma" ta mutum biyu, Turancin yau kuwa kalma ɗaya ce ga sarki da yaro. A da suna da "thou" ta mutum ɗaya, za ki gan ta a fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ke ɗakina, amma ta fita daga maganar yau da kullum. Don haka kada ki ji kin yi wa malamarki rashin kunya. Ladabin yana cikin gaisuwarki da yadda kika roƙi abu.

Ƙananan kuma ga su: "I" kullum da babban baƙi take, ana cewa "between you and me", kuma "its" ta mallaka ba ta ɗaukar waƙafin sama, mai ɗauka ita ce "it's" da aka taƙaita daga "it is" ko "it has".

Ki ɗauki jan biro ki zagaye kowane lamiri a rahoton, ki ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta. Wanda kibiyarsa ta rasa inda za ta sauka, ko ta rabu biyu, ki sake jumlar. In kin gama ki sake turo mini kafin Alhamis. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ta sayo miki yaji da kuka a Shara Mansur, yayanki zai taho miki da su. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Wassalam,
Mahaifinki