Ubangidana ake zargi, kuma ni aka kira shaida

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, ke da ma'aikatanki da masu bibiyar wannan fili. Don Allah a sakaya sunana da na garinmu, domin maganar da zan yi ta riga ta zama abin yaɗawa a jiharmu.

Ni malama ce a wata jami'a a Arewa, ina da aure da 'ya'ya. Mutumin da maganar ta shafa farfesa ne, shi ya koyar da ni, shi ya duba kundin digirina na biyu, kuma shi ya tsaya tsayin daka har aka ɗauke ni aiki a sashenmu lokacin da ba ni da kowa. Ranar da mahaifinmu ya rasu, shi ya fara zuwa da buhun shinkafa. Daga baya ya ajiye aiki ya shiga siyasa, ya ci kujerar majalisar dokokin jiha a zaɓen watan Maris na 2023. Bai yanke da jami'a gaba ɗaya ba, har yanzu yana duba wasu ɗaliban babban digiri a matsayin malamin ziyara. A mazaɓarsa kuwa ana son sa. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, yana biya wa yara kuɗin jarabawar JAMB, kuma ba ya ɓuya wa mutanensa kamar yadda wasu ke yi. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka ƙiyayya ce ta sa ni rubutu.

Yanzu wata tsohuwar ɗalibarmu ta kai takardar ƙorafi gaban hukumar jami'a, ta kuma aika kwafi ga ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci da rashawa. Ta ce ya neme ta da lalata sa'ad da take ajin ƙarshe, da ta ƙi sai ya kayar da ita a darasinsa, har ta ƙara shekara guda. Bayan labarin ya fita, wasu mata biyu su ma sun ce ya taɓa yi musu makamancin haka. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, an dakatar da shi daga duba ɗalibai, ni kuma an aiko mini da takardar gayyata, saboda a wancan lokacin ni ce jami'ar jarabawa ta sashen.

Ga abin da na sani, ba ƙari ba ragi. Yarinyar ta zo ofishina bayan an liƙa sakamako, ta ce ita dai ba ta yarda ta faɗi ba. Na shiga ɗakin ajiya na zaro takardar amsarta. A bangon takardar an rubuta 58 da jan biro, an zagaye, da rubutun hannunsa da na sani kamar nawa. A takardar sakamakon da ya sa wa hannu kuma 38 ne, alhali a 40 ake haye wa. Ina nuna mata sai ta fashe da kuka, ta ciro wayarta daga cikin hijabi ta miƙo mini. Saƙo ne daga lambarsa, wadda nake da ita a tawa wayar, yana cewa ta same shi a wani masauki bayan isha'i su duba matsalarta. Na ɗauki takardun biyu na kai masa, domin shi ne shugaban sashe a lokacin. Ya dube su, ya sa a aljihun tebur, ya ce in bar maganar a hannunsa. Ba a gyara makin ba. Kafin in kai masa kuwa na riga na yi hoton takardun, kuma suna nan a wurina har yau.

Iyakar sanina ke nan. Ban ga ya taɓa ta ba, ban ji abin da suka faɗa wa juna a ofis ba, sauran matan biyu ma ban san su ba. Biyar tana iya komawa uku bisa kuskure, mu da muke shigar da makin ɗaruruwan ɗalibai mun san haka. Amma kuskuren da aka nuna wa mai shi ya ƙi gyarawa, ga kuma wancan saƙo a gefe, zuciyata ta kasa kiran sa kuskure.

Tun da aka ji an gayyace ni ban huta ba. Uwargidansa ta zo har gida da turmin atamfa da turare, wai ziyara ce kawai, muka yi hirar yara da tsadar kayan miya, sai da ta miƙe za ta tafi ta ce, “Ke dai 'yar gida ce, mun san ba za ki ba mu kunya ba.” Mahaifiyata ta kira ni tana cewa kada in zama butulu, wanda ya rufa maka asiri ba ka tona nasa. Maigidana bai hana ni ba, ya ce in yi abin da zan iya tsayawa da shi gaban Allah, amma na ga tsoro a idonsa, don ya san yaran siyasa ba su da ta-ido.

Ɗaya ɓangaren ma ba tsarkaka ba ne. Magoya bayansa suna ta cewa yarfen siyasa ne saboda zaɓen 2027, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wani na hannun daman mai neman kujerarsa ya kira ni, ya ce in ba shi takardun su sa a Facebook, za a “ga abin da za a yi mini”. Na kashe wayata. Sojojin baka na kowane ɓangare sun cika gidajen rediyo, waɗannan suna kiransa fasiƙi tun ba a yi bincike ba, waɗancan suna zagin yarinyar da iyayenta, har hotonta na biki suka samo suka yaɗa. Ita kuwa tana gidan mijinta da goyo. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu tambayar me ya sa sai yanzu ta yi magana. To da wa za ta faɗa wa a lokacin? Wanda take ƙara shi ne shugaban sashen, takardar shaidarta kuma sai ta bi ta teburinsa.

Na tuntuɓi wata ƙawata lauya. Ta ce kada in ruɗu da maganar wai ɗan majalisa yana da rigar kariya, sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu kawai ya rufe. Ta tuna mini da Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wanda aka naɗi muryarsa yana neman ɗaliba don ya ƙara mata maki, jami'a ta kore shi, ICPC ta kai shi kotu, aka ɗaure shi shekara biyu a Disambar 2018. Ta kawo na Farfesa Cyril Ndifon na Jami'ar Kalaba, wanda ɗalibai mata na tsangayar shari'a suka yi wa zanga-zanga a 2023, aka dakatar da shi, aka gurfanar da shi a Abuja. Ta ce tun bayan binciken ɓoye da BBC ta fitar a 2019 kan jami'o'in Legas da Ghana, hukumomin jami'a sun rage share irin wannan ƙorafi. A ganinta, idan maganar ta kai kotu za a iya kira na ko ina so ko ba na so, kuma gara a ji daga bakina yanzu da a gano daga baya cewa na ɓoye. Sai dai duk misalan nata na Kudu ne. A nan wurinmu mace ta tsaya gaban kwamiti ta ba da shaida kan dattijon da ya yi mata rana, ko ta yi gaskiya sai an yi shekaru ana nuna ta da baki a gidajen biki.

Ta fuskar addini ma kaina ya ɗaure. Wani malamin unguwarmu ya ja mini kunne da ayar ƙazafi ta Suratun Nur, mai maganar shaidu huɗu da bulala tamanin. Wani kuma ya karanto mini ƙarshen Suratul Baƙara inda aka hana ɓoye shaida, aka ce mai ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Ni a ɗan fahimtata ba zina zan ce ya yi ba, maki da saƙo zan ce na gani. Amma na san da zarar na buɗe baki, mutane za su ƙarasa sauran da kansu, kuma abin da zai biyo baya shi ne tikitin takararsa, da sunan da ya yi shekaru yana ginawa a ilimi, da 'ya'yansa mata da ke kira na Anti.

Anti, abin da zuciyata ta fi karkata gare shi shi ne in je gaban kwamitin in faɗi abin da idona ya gani kawai, in miƙa takardun gare su, ba ga 'yan jarida ko 'yan adawa ba. Amma ina neman shawararki a kan abubuwa uku. Shin ya dace in fara zuwa wurinsa in gaya masa abin da zan faɗa, saboda hakkin da yake da shi a kaina, ko hakan zai ba shi damar shirya mini tarko? Maigidana yana ganin kada in je, ni kuma ina jin nauyin ya ji daga bakin wasu. Sannan zan iya neman kwamitin ya karɓi shaidata a rubuce ko a sirrance, ko hakan zai rage mata ƙarfi? Na uku kuma, wanda ya fi hana ni barci, ta yaya zan fahimtar da mahaifiyata? Tana da hawan jini, kuma ta ce in har na je, kada in ƙara taka mata gida.

An sa mini ranar zama a makon gobe. Don Allah ki amsa mini kafin nan, ko da a taƙaice ne.

Ƙanwarki,
Malama daga wata jihar Arewa