A Samar da Masu Bibiyar Waɗanda Suka Bar Shan Ƙwaya

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wani giɓi a yaƙin da ake yi da shan Tramadol da kodin. Tun shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma tana ta kame, amma matashin da aka sallama daga asibiti bayan jinyar shan ƙwaya ba shi da mai bin sawunsa.

Na ga haka a kan ƙanena. An sallamo shi da takardar magani kaɗai, kafin wata biyu ya koma tsohuwar majalisarsa. Abin da ya rasa shi ne jami'in lafiya guda mai riƙe da fayil ɗinsa, wanda zai tuna masa ranar ganin likita, ya zauna da iyayenmu, ya haɗa shi da wurin koyon sana'a. Hatsarin babba ne, domin wanda ya daina sha na ɗan lokaci jikinsa ba ya iya ɗaukar adadin da ya saba, komawar na iya hallaka shi.

Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su horar da ma'aikatan jinya domin wannan aiki.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano