Don Allah ku duba bakin dokin nan kafin a yi tafi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Na rubuto ne kan ɗan rahoton da kuka sa a filin wasanni game da wasan dawakin nan da ake kira diresaj, wanda mai gabatarwa ya ce rawar doki. Wallahi na ji daɗi da kuka kawo shi don kullum ƙwallo ne ƙwallo, to amma akwai wurin da kyamara ta matsa kusa da fuskar dokin na 'yan daƙiƙu, 'yan kallo na ta tafi kiɗa na tashi, ni kuwa idona na kan bakinsa, yana son ya buɗe an ɗaure shi tam, haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, wutsiya sai kaɗawa take ba ƙuda ba komai. Tun ranar abin ke cina.

Ga wanda bai san wasan ba, fili ne na yashi mita 20 a faɗi 60 a tsawo, alƙalai na zaune a gefe-gefe suna ba kowane motsi maki daga 0 zuwa 10. Doki zai yi sassarfa a wuri guda ba tare da ya ci gaba ba, zai juya a kan ƙafafun baya, zai canza ƙafar da yake jagora da ita a kowane taku har sau 15 a jere. Tun 1912 yake cikin gasar Olamfik, sashen da ake yi da kiɗa kuma an shigo da shi a gasar Atlanta 1996. Dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, da ke Lozan a Suwizalan, ita da kanta ta ce manufar wasan a samu doki mai walwala wanda aka horar cikin fahimtar juna. To a kan wannan ma'aunin nasu nake magana.

Kowa ya ji abin da ya faru a Yulin 2024, saura kwanaki a fara gasar Olamfik ta Paris, aka saki bidiyon Charlotte Dujardin ta Birtaniya, mace mai lambobin Olamfik shida uku na zinare, tana tsaye a ƙasa tana zabga wa wani doki doguwar bulala a ƙafafu sama da sau 20 wai don ya ɗaga su da kyau, wata ɗaliba na kan dokin, shi kuma yana ta tsalle yana neman hanyar tsira. Ta janye daga gasar, ta ba da haƙuri, a Disamba aka dakatar da ita shekara ɗaya da tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Da yawa suka ce shikenan an kama mai laifi an wuce wurin. Ni a ganina tsugune ba ta ƙare ba. Kafin nan a ƙarshen 2023 tashar TV 2 ta Denmak ta shigar da 'yar jarida a ɓoye wata babbar bargar horar da dawakin gasa, aka ga shatin bulala da raunin ƙaimi da bakuna masu jini, har ana shafa man takalmi a kan raunin don kada mai saye ya gani.

Kuma maganar ta girmi waɗannan duka. A 2009 a garin Odense na Denmak aka ɗauki bidiyon wani ingarma a filin ɗumama jiki, an janyo kansa ciki an riƙe, harshensa ya zazzalo waje ya koma shuɗi-shuɗi. Wannan salon shi ake kira rolkur, a tanƙwara wuyan doki da ƙarfin kamazuru har hancinsa ya nufi ƙirji. A 2010 hukumar ta ce ta hana yin sa da ƙarfin tsiya, amma ta bar wani mai kama da shi muddin ba a wuce minti 10 ba a ba dokin hutu. To fisabilillahi wa ke riƙe da agogo a bargar da babu kowa sai mahayi da dokinsa?

Abin da mutane ba su sani ba shi ne doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi, kuma in aka naɗe wuyansa haka hanyar iskar na matsewa alhali aikin ƙarfi ake sa shi, sannan ba ya ganin gabansa sosai sai ƙasan ƙafarsa. Ga linzamin manyan gasa ƙarfe biyu ne a baki ɗaya, ɗaya da dogon hannu da sarƙa a ƙarƙashin haɓa, ɗan ja kaɗan daga mahayi sai ya ninka a kan harshe da dasashi. In dokin ya buɗe baki don ya rage zafi alƙali zai rage maki, sai mahayi ya je ya ƙara matse maɗaurin hanci, bakin ya rufu, zafin na nan inda yake.

Wannan na maɗaurin hanci na gani da idona, da hannuna ma aka yi. Na taɓa yin wasu shekaru ina taimakawa a wani wurin koyar da hawa, akwai wata goɗiya ja mai farin goshi da kullum in an hau ta sai ta dinga wangale baki tana karkata kai gefe guda, mai horarwar ya ce taurin kai ne, in ƙara mata huda biyu a maɗauri. Na ƙara. Da yamma da na zo kwance mata na ga karan hancinta ya loma, gashin wurin ya murje, ta sauke kai ta yi ta hamma tana motsa muƙamuƙi kamar wanda aka cire wa ƙulli, sannan ta dinga goga fuskarta a kafaɗata. Bayan kusan wata guda likitan dabbobi ya zo duba wani dokin daban, na roƙe shi ya leƙa bakinta, ya sa fitila ya kira ni ya ce zo ka gani. Turamen haƙoranta sun yi kaifi sun yayyanke cikin kuncinta, mu kuma mun ɗaure kuncin a kan kaifin. Ya goge haƙoran da magagari, aka bar ta ta huta, da aka dawo hawanta da maɗauri sako-sako bakinta a rufe lafiya lau ba wanda ya tilasta ta. Har yau in na tuna huda biyun nan raina na ɓaci.

Daga Mayun 2025 hukumar FEI ta fara amfani da wani ɗan ma'auni da ake zurawa tsakanin maɗaurin da karan hanci, in bai wuce ba sai an sassauta. Tun 2021 kuma an hana aske gashin bakin doki da yake laluben abubuwa da shi. Akwai dokar jini ma, in aka ga sabon jini a jikin doki a fili an fitar da shi kenan. Duk na yaba. Amma matsalar tana teburin alƙalai, don mahaya abin da ake ba maki suke bi. In doki mai watsa ƙafafun gaba sama, bayansa a sandare, wuyansa a naɗe ya ci 9, wanda ke tafiya a sake hancinsa ɗan gaba kaɗan yadda doka ta ce ya ci 7, gobe kowa zai koma gida ya nemi yadda zai samu na farkon, kuma da gaggawa, tunda dawakin nan kuɗi ne masu nauyi ana son a sayar tun suna ƙanana.

Alhali yadda doki ke koyo ba ɓoyayyen abu ba ne. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta ba ta buƙatar duka kafin ta ji ƙafarka. Ka ɗan matsa, da ya amsa ko da rabin taku ne ka saki nan take, sakin nan shi ne ke gaya masa ya yi daidai, in ka makara da sakin ko ka ƙi saki gaba ɗaya to ba abin da ya koya sai tsoro. Ka ja linzami kana kuma caka ƙaimi lokaci guda, ka ce masa tsaya ka ce masa tafi, me kake so ya yi? Tsohuwar makarantar hawa ta Biyana a Ostiriya sai ingarmunsu sun kai wajen shekara huɗu suke fara musu horo, kuma a ɗauki shekaru kafin a nuna su a manyan motsi, don tsoka da jijiya ba sa ginuwa a wata shida. Sannan awa ɗaya kawai ake hawa a yini, sauran 23 fa? Doki dabbar garke ce mai kiwo mafi yawan yininta, cikinta na fitar da ruwan tsami ko akwai abinci ko babu, in ka kulle shi shi kaɗai a ɗaki don kada ya ji rauni ya rage daraja sai gyambon ciki da cizon ƙofa su biyo baya. Wata likitar dawaki a Ingila, Sue Dyson, ta tsara alamu 24 da doki ke nunawa in ana hawansa, irin su kwantar da kunne baya, buɗe baki, kaɗa wutsiya ba tsayawa, ta ce in aka ga 8 ko fiye akwai alamar ciwo a jikinsa. Wannan ko mai kallo a talabijin zai iya koya.

Kada a ce na yi wa mahayan kuɗin goro, akwai na kirki. A Riyo 2016 Adelinde Cornelissen ta Holan ta shiga fili da dokinta Parzival wanda ya yi fama da zazzaɓi kwana ɗaya kafin nan, likitoci sun ce zai iya, amma da ta fara ta ji ba daidai yake ba sai ta ɗaga hannu ta fice, a gasar Olamfik fa. Masu wasan kuma su tuna da abin da ya samu wata gasar Olamfik mai haɗa wasanni biyar bayan an ga ana dukan doki a cikinta a Tokiyo, an cire hawan doki daga cikinta kwata-kwata daga gasar 2028.

Roƙona gare ku Malam Edita, in za ku sake kawo wasan nan, ku sa mai sharhi ya gaya wa mutane abin da za su duba a baki da kunne da wutsiya, ku nemi hotunan filin ɗumama jiki ku haɗa da na cikin gasa, kuma ku gayyato likitan dabbobi ya zauna tare da mai sharhin ko na minti biyar ne.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Mai kallon shirinku a kullum