Alƙaluma sun sauka, amma littafin bashi sai ƙara kauri yake

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tanka maganar da ake ta yi a rediyo da Facebook cewa wai abubuwa sun fara daidaita, magidanta sun samu ƙwarin gwiwar kashe kuɗi.

Ba na musun alƙaluma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, sai ga shi a Janairun 2025 an ce 24.48, to amma ai ma'aunin aka canja, aka bar lissafi da shekarar 2009 aka koma 2024, ba mudun shinkafa ne ya karye cikin wata ɗaya ba. Kuma ko ta sauka da gaske, kaya dai suna ci gaba da tashi ne sannu sannu, ba su dawo inda muka san su ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura dubu, dala da take wajen 460 a hukumance sai da ta wuce 1,500 a 2024, shi kuma mafi ƙarancin albashi sai a Yulin 2024 aka kai shi dubu 70, wanda kafin ya iso hannun ma'aikaci kuɗin mota da na wuta sun riga sun cinye shi.

Ni shagon kayan masarufi nake da shi a cikin unguwa a nan Kano, kuma wallahi a nan ake ganin gaskiyar lamarin. Mutumin da da in an yi albashi zai turo a kai masa buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya, yanzu awo yake yi kullum, rabin kwano, man ƙulli, madara ta leda guda biyu, sannan ya sassauta murya ya ce Alhaji a rubuta zuwa ƙarshen wata. Ƙarshen watan ya zo ya biya rabi ya ɗora sabo. Matan gida kuwa adashin da ake yi don a sayi kayan ɗakin yarinya ko keken ɗinki, yanzu ana kwasa a kuɗin makaranta da magani yake ƙarewa. Ni kaina in na shiga kasuwar Singer ba na iya sarin da nake yi a da, saboda rabin jarina yana hannun mutane kuma mutanen kirki ne, ba ƙi suka yi ba, babu ce.

Gaskiya ne hatsi ya yi sauƙi a Dawanau a 2025, mun gode Allah, amma a tambayi manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da arha ko zai iya zuwa Kantin Kwari ya ɗinka wa iyalinsa kayan sallah. In ƙauye ba kuɗi ai birni ma ba ciniki.

Na ji Babban Banki, CBN, yana yin binciken jin ra'ayin magidanta kan ko suna ganin lokaci ne na sayen manyan kaya irin su mota da firji da fili. To madalla. Roƙona dai Edita ku tura wakilanku su zaga shagunan unguwa, su tambayi masu su bashi nawa suke bi bana, nawa suke bi kafin a cire tallafi, kuma cikin masu bashin nawa ne 'yan albashi, sai ku buga amsar kusa da alƙaluman gwamnati mu karanta duka biyun.

Naku,
Wani mai shago daga Kano